Telar da Ta Rage Rigar Ƴarta Sau Biyar

A layin nan babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Tela ake ce mata, yara su ce Anti Tela, mijinta ma in tsokana ta motsa masa sai ya leƙo shago ya ce, "Tela, a ɗinka min abincin rana mana." Shagon ɗaki ne guda a ƙasan benen da suke zaune, ƙofarsa na kallon titi. Akwai keken ɗinki biyu, da dogon madubi wanda gefensa ya tsage tun ranar da aka kawo shi, da labulen da mata ke shiga bayansa su gwada kaya. Tana shekara goma sha uku ta fara taka keke, yanzu tana arba'in da uku, kuma ba a taɓa maido mata da ɗinki an ce bai zauna ba. Ido gare ta, masifar ido. Mace za ta shigo da yadi, kafin ta gama sallama Tela ta san faɗin kafaɗarta da ƙugunta. Tef ɗin awon da ke rataye a wuyanta, don kwantar da hankalin masu kaya ne kawai.

Wannan idon da take taƙama da shi, shi ne ya kusa raba ta da ƴarta.

Ƴa ɗaya Allah ya ba su, ita ma bayan ɓari biyu. Ta zo duniya ɓul-ɓul da ita, uban ya ɗauke ta ya ce, "Kai, wannan ai kumatu aka haifa, yarinyar tana baya tana zuwa." Shi ke nan suna ya zauna, Kumatu, har makarantar sakandare. Uban mai gyaran famfo ne, mutum mai surutu da barkwanci, wanda kullum sai an taya shi neman sifanarsa. Yarinyar ba ta ɗauko shi ba ko kaɗan. Tun tana ƙarama take jera takalmanta baki ɗaya, in ta yi rubutu harafi ɗaya ya karkace sai ta yage shafin ta sake daga farko. In ta zo ta biyu a aji, ranar ba mai ganin haƙorinta. Maƙwabta suna ta sa albarka, suna cewa su ma Allah ya ba su irinta. Tela tana amsawa da amin, amma akwai lokacin da za ta ga yarinyar tana goge teburin da ta riga ta goge, sai ta ji gabanta ya faɗi, don ta taɓa sanin wata mai irin halin nan.

Abin ya fara ne Kumatu tana shekara goma sha huɗu. In an zuba abinci ta ce ta ci a makaranta. In an matsa, ta ɗauki burodi ta yi ta gutsura shi ƙanana-ƙanana tana zagaya faranti da shi har a tashi. Ta koyi girki, ta riƙa dafa wa iyayenta abu mai daɗi tana tsaye a kansu sai sun cinye, uban yana lashe yatsu yana cewa ya haifi mai hotal. Benen nan hawa huɗu, sai ta hau ta sauka, ta hau ta sauka, wai ta yi mantuwa.

Wata safiya ta biyo ta ƙofar shago za ta makaranta, Tela ta ɗago kai ta ga siket yana lilo a ƙugu.

"Ke, zo nan! Ƴar tela ce za ta fita da kaya suna yawo a jikinta? Me kike so mutane su ce da ni?"

Minti goma bai cika ba ta rage yatsa biyu a kowane gefe. Ba ta yanke yadin ba, telan kirki ba ya yanke rara, ninke shi ta yi ciki ta bi da guga, siket ya zauna cif. Bayan wata guda rigar ma ta saki, ta rage. Aka jima ta sake ragewa. Wata bakwai, sau biyar tana rage rigar nan. A na biyar ɗin kafaɗun rigar suka zube, Tela ta yanko ɗan soso ta ɗinke a ciki don su tsaya, har ta ja baya ta duba aikin ta ji daɗinsa. Haba, Tela! Macen da ke gane ƙaruwar ƙiba a jikin baƙuwa daga tsallaken titi, ita ce ke gaya wa kanta wai tsayi yarinyar take yi. Malaman makaranta ba su ga komai ba, uban bai ga komai ba, don kullum kayan daidai suke da jikinta. Duk abin da zai tona ciwon nan, Tela ta bi shi da zare da allura ta rufe.

Ranar wata Talata da hantsi waya ta yi ƙara tana tsakiyar ɗinka hannun riga. Daga makaranta ne. Kumatu ta yanke jiki ta faɗi a matakala, an wuce da ita asibiti. Tela ba ta san da takalmi ƙafa ɗaya ta fito ba sai a bakin asibitin.

A ɗakin gwaji nas ta taimaka wa yarinyar ta cire rigar makaranta don a saurari ƙirjinta. Tela ta kai wata shida rabonta da ganin jikin ƴarta babu riga. Innalillahi! Haƙarƙari a jere, ana iya ƙirga su daga bakin ƙofa. Wani siririn gashi ya fito mata a hannuwa da gadon baya, farcenta ya yi shuɗi-shuɗi, tana rawar ɗari alhali kowa gumi yake yi. Likitar, wata doguwar mace mai gilashi, ta riƙe wuyan hannun yarinyar tana kallon agogo, ta sake riƙewa, ta ce bugun zuciyar arba'in da huɗu ne a minti. Tela ba ta san nawa ya kamata ya zama ba, fuskar nas ce ta gaya mata.

Rigar tana kan kujera, cikinta a waje. Likitar ta ɗaga ta, ta ga layin ɗinki biyar a jere, kowanne ya shige na baya, ga soso a kafaɗa.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce," in ji Tela. "Sana'ata ce."

Likitar ba ta yi mata faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mata sauƙi. Ta ninke rigar ta ajiye, ta sa aka shigo da uban, wanda ya iso da jiƙaƙƙen wando daga wurin aiki. Ta zaunar da su ta yi musu bayani dalla-dalla. Ciwo ne, ba taurin kai ba. Yana shiga kan yaro ya sa abinci ya koma masa abin tsoro, yana kallon madubi yana ganin ƙiba inda babu. Yana cin naman jiki, ya ci na zuciya, kuma yana kisa.

Mai Famfo ya dafe kai. "Likita, ni ne. Ni na sa mata Kumatu. Wallahi wasa nake yi."

"Malam, yara nawa ake tsokana da ƙiba ba su kamu ba? Ku daina neman mai laifi. Abin da muka sani, ciwon nan yakan bi jini. Ba ciwon kansa ake gada ba, saurin kamuwa da shi ake gada, kamar yadda hawan jini ke bin wasu gidaje. Sau da yawa tun yaro na ƙarami za a ga alamar, yawan damuwa, son komai ya fita babu kuskure. Shi ya sa zan tambaye ku, akwai wanda ya taɓa irin wannan a danginku? Naka ko nata?"

Mai Famfo ya ce su a gidansu ko tukunya aka bari a buɗe sai an sha tambayoyi. Likitar ta juyo ga Tela.

"Babu," in ji Tela.

Ƙarya ta yi, kuma tana faɗa ta ji harshenta ya yi ɗaci. Akwai. Ƙanwarta ce, autar gidansu, wadda suke kwana gado ɗaya. Auta ma haka take, mai jera kaya, mai yage shafi. Tana shekara goma sha biyar ta daina cin abinci. Mahaifiyarsu mace ce mai zafi, ba ta san wani magani ba sai tsawa. Takan ajiye wa Auta faranti a ɗaki ta ce, "In na dawo na tarar da ko loma ɗaya, jikinki zai gaya miki." Tana fita Auta za ta kama hannun yayarta tana kuka. "Yaya, ki ci min. Don Allah ki ci min, yau kaɗai." Tela tana da shekara goma sha bakwai, ba ta iya ganin ana dukan ƙanwarta. Ta ci. Washegari ma ta ci. Wata bakwai tana cin abincin mutum biyu, uwar tana ganin faranti fes tana mamakin yarinyar da ke cinye abinci tana ramewa. Aka yi ta neman maganin tsutsar ciki, aka yi ta neman na olsa. Wata safiya Auta tana shanya, ta ce bari ta ɗan zauna, ta zauna a gindin igiya, ba ta sake tashi ba. Aka ce zuciya ce. Uwar ta bar duniya ba ta san komai ba, Mai Famfo ma abin da ya sani ke nan, cewa matarsa ta yi ƙanwa mai ciwon zuciya. Shekara ashirin da shida Tela na ɗauke da abin nan ita kaɗai.

Kwana biyar Kumatu ta yi a asibiti, bugun zuciya ya ɗan ɗago, aka ce za a sallame su da sharaɗi.

"Maganinta abinci ne, kuma ku za ku ba ta," in ji likitar. "Sau shida a rana, uku manya, uku ƙanana. Ku za ku zaɓa, ku za ku zuba, ku zauna da ita har sai ta cinye. Ba ciniki, ba ragi, ba duka, ba zagi. Bayan ta ci, awa ɗaya ba ta shiga banɗaki ita kaɗai. Makaranta a dakata. Za ta yi kuka, za ta gaya muku maganar da ba ku taɓa ji daga bakinta ba. Ciwon ne ke magana. Duk sati ku kawo ta a auna."

Suka koma gida, aka shiga yaƙi. Wanda bai gani ba zai ce mene ne abin wuya a sa yarinya ta ci ƙwai ɗaya? To ƙwai ɗayan nan ya taɓa cin awa biyu. Kumatun da ba ta taɓa ɗaga wa iyayenta murya ba, ita ce ta yi jifa da kofin madara ya fashe a bango. Ta ce sun tsane ta, so suke ta koma buhu. Aka tsinci dankali a cikin safarta, aka tsinci man shafa burodi a ƙarƙashin teburi, har a gashinta. Abin mamaki, Mai Famfon da kowa ya raina wa natsuwa shi ya fi iyawa. Zai zauna a daman yarinyar ya yi ta zuba labarin fayif ɗin da ya toshe a wani gida, babu gishiri babu ƙarshe, jefi-jefi ya ce, "Ƙara cokali ɗaya, uwata," ya ci gaba da labarinsa. Tela tana hagu. Ita tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa. Kowace safiya kafin ta ɗora ruwan shayi sai ta leƙa ɗakin yarinyar ta tsaya har ta ga bargo ya ɗaga ya sauka. Shago kuwa ya koma rabin yini, masu kaya suna buga ƙofa suna tafiya da tsaki.

Sati na farko aka hau ma'auni, yarinyar ta juya wa lambobin baya kamar yadda aka ce. Ba ƙari ko kaɗan. Likitar ta cire gilashi ta ce in sati mai zuwa haka ne, za a kwantar da ita a sa mata roba ta hanci a riƙa ba ta abinci, don zuciyar nan ba za ta jure jira ba.

Saura kwana biyu a koma awon, da azahar, Tela ta zuba shinkafa da wake da gutsuren kaza, sun zauna ke nan wayar Mai Famfo ta ɗauki kuka. Babban fayif ya fashe a wani bene da shi ya yi wa aiki, ruwa na sauka a kan mutane hawa uku. Ya kashe wayar, aka sake kira. Ya dubi matarsa.

"Awa ɗaya, Tela. In na rufe ruwan zan dawo. Za ki iya?"

Me za ta ce? Ta ce ya tafi. Tun da aka fara, ba a taɓa barinta ita kaɗai da farantin nan ba, kuma ita ta san dalilin da ya sa take gudun hakan. Tana jin takunsa yana sauka daga bene, ta juyo ga farantin.

Kumatu ba ta yi ihu ba, ba ta yi jifa ba. Da ta yi, da Tela ta san yadda za ta yi da ita. Ido ta zuba wa shinkafar, hawaye na ɗiga a kan teburi. Can ta miƙo hannu, sanyi ƙalau, ta kama yatsun uwarta.

"Mama, cikina zai fashe. Wallahi ba ƙarya nake yi ba. Ki ci min rabi. Baba ba zai sani ba. Yau kaɗai, Mama."

Wayyo Allah. Yarinyar nan ba ta taɓa ganin Auta ba, ko hotonta babu a gidan, amma har karkata kan iri ɗaya ne. Tela ta ji kunnuwanta sun toshe. Kuma ga abin kunya, abin da ba za ta taɓa gaya wa kowa ba: sai da hannunta ya kai kan cokalin. Da kansa ya tafi, ya ɗebo shinkafar, ya ɗago. Rabin faranti ne fa kawai, yarinyar za ta daina kuka, za ta rungume ta, yau ɗaya a yi zaman lafiya a gidan nan. Idon Kumatu har ya fara haske.

Tela ta juya cokalin, ta sa shi a hannun ƴarta, ta matse yatsun a kansa.

"Ba zan ci ba."

"Mama!"

"Na ce ba zan ci ba. Na taɓa ci wa wata."

Yarinyar ta tsaya da kukan. Tela ba ta shirya faɗa ba, maganar ce ta ɓalle mata. Ta gaya mata komai, da farantin, da tsawar kakarta, da wata bakwai, da igiyar shanya. Ba ta gyara ko ɗaya ba, ba ta nema wa kanta uzuri ba. Muryarta tana karyewa tana ɗaurewa har ta kai ƙarshe.

Kada wani ya zaci yarinyar ta faɗa jikin uwarta ta ce ta warke. Ina! Fizge hannunta ta yi, fuskarta ta murtuke.

"To ni ba ita ba ce. Ni ba abin da zai same ni. Ke dai muguwa ce, kin fi Baba mugunta."

"Na ji. Ci."

"Na tsane ki."

"Na ji, uwata. Ci."

Suka zauna. Agogon bango yana tafiya, a ƙasa wata mai kaya ta buga ƙofar shago har ta gaji ta tafi. Shinkafar ta huce, Tela ta tashi da farantin a hannunta, idonta a kan yarinyar, ta ɗumama ta dawo da shi bai ragu da ƙwaya ɗaya ba. Zufa ta jiƙa mata baya. A ranta ba abin da take gani sai robar hancin nan, da abin da ya fi robar muni.

Can Kumatu ta yi magana, ba ta ɗago kai ba.

"Da ba ki ci mata ba, da tana nan?"

"Ban sani ba. Kullum sai na tambayi kaina. Ban sani ba."

Yarinyar ta daɗe tana kallon cokalin. Ta ɗebo shinkafa, ta zubar da rabi, ta kai sauran baki. Ta riƙe lomar a baki ba ta tauna ba, hawaye na bin gefen hancinta. Tela ta daina numfashi. Ba fuskar take kallo ba, maƙogwaron take kallo, siririn wuyan nan da jijiyoyi suka fito masa, tana jira, tana jira, har ta ga ya motsa ya sauka.

Farantin yana nan cike. Tela ta matso da shi kusa da ƴarta, ta goge tafin hannunta a cinya.

"Saura," in ji ta.